Garin furotin mai filebo ko marar filebo? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya tsaya gaban kantar kayan motsa jiki, ko ya buɗe shafin masu sayarwa a waya, yakan tarar da robobin garin furotin iri ɗaya a jere: wannan cakulan, wancan banila, ga na sitiroberi, can gefe kuma ga wanda ba a sa masa komai ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi tasowa kafin a biya kuɗi, wasu kuma sai bayan an kai robar gida.

Mene ne ainihin abin da ya raba su?

Tushensu ɗaya ne. Yawancin garin furotin da ke kasuwa daga madarar shanu yake. Idan ana yin cuku, madara takan rabu biyu: dunƙulen da zai zama cuku, da tsinkakken ruwan da ke tsiyayewa. Wanda ya taɓa ganin ana dafa madara da tumfafiya a rugar Fulani ya san ruwan nan. Shi ake tacewa a masana'anta, a rage masa kitse da sukarin madara, a busar da shi ya koma gari, a rubuta whey a jikin roba. Kusan kashi 20 cikin ɗari na furotin ɗin madara ke nan, sauran 80 kuwa shi ne casein, wanda ya bi dunƙulen.

Marar filebo a nan ya tsaya, in ban da ɗan lesitin da akan sa domin garin ya narke cikin ruwa da sauri. Mai filebo kuwa an ɗora masa ƙamshi, da abin zaƙi, da abin kauri irin su xanthan ko guar, wani lokaci har da launi da gishiri. Furotin ɗin kansa bai canza ba. Tsoka ba ta san cakulan ba, ba ta san banila ba.

To a cikin wanne furotin ya fi yawa?

A marar filebo, tunda duk abin da aka ƙara gurbin furotin ya ci. Amma kada ka dogara da manyan lambobin gaban roba. Juya ta baya, ka nemo abu biyu: nauyin cokalin awo guda, da giram nawa na furotin ke cikinsa. Raba na biyu da na farko.

Misali, roba ɗaya ta ce cokalinta giram 33 ne, furotin 24. Wato kashi 73 cikin ɗari. Ɗaya kuma ta ce cokali giram 30, furotin 25, kashi 83 ke nan. A ido, 24 da 25 kusan ɗaya ne. A kilo guda kuwa ta farko ta ba ka giram 730, ta biyu 830, bambancin ya kai furotin ɗin cokali huɗu. Da wannan lissafin ake kwatanta farashi: kuɗin roba a raba da jimillar giram ɗin furotin, ba da girman robar ba.

Cakulan ne yakan fi cin gurbi, domin garin cakulan na gaske ake zubawa da ɗan yawa, alhali banila ɗigon ƙamshi ne kawai. Sannan irin tacewar ya fi filebo tasiri. Wanda aka rubuta wa concentrate yakan kama daga kashi 70 zuwa 80, isolate kuwa 90 ko sama kafin a sa masa komai. Saboda haka isolate mai cakulan na iya fin concentrate zalla.

Marar filebo ba shi da ɗanɗano ke nan, kamar ruwa?

A'a, kuma nan mutane suka fi yin da-na-sani. Ba a sa masa ɗanɗano ba, amma yana da nasa. Concentrate kamar madarar gari ce da aka cika wa ruwa, da ɗan ƙarni-ƙarni a ƙarshe. Isolate ya fi shi zama lami, ga kumfa idan an girgiza. Hydrolysate, wanda aka riga aka farfasa furotin ɗinsa, ɗaci gare shi sosai, ba ma ba kowa shawarar shan sa zalla. Casein yana da kauri da ɗan alli-alli a harshe.

Na tsirrai ne babbar jarrabawa. Na waken suya da na koren wake suna da gafi irin na ɗanyen wake, na shinkafa kuma yana da tsaki-tsaki kamar an bar yashi a ƙasan kofi. Idan na tsirrai za ka saya kuma da ruwa za ka sha, ɗauki mai filebo ka huta.

A taƙaice, wanne zan saya?

Ka fara amsa wannan: a cikin me za ka sha shi? Idan gorar girgizawa ce da ruwan sanyi, daga wurin motsa jiki ka wuce aiki, mai filebo ne naka. Robar da aka saya da tsada aka kasa shanyewa ita ce mafi tsada a kasuwa. Idan kuwa a abinci zai shiga, koko ne, fura ce, kunun gyaɗa ne ko yogot, marar filebo ya fi, domin ba zai yi faɗa da citta da kanumfari ba. Gwada tunanin sitiroberi a cikin fura mai yaji, ka ji yadda abin yake.

Mai yin duka biyun yana da hanya ta uku: babbar leda marar filebo da ƙaramar roba mai filebo, a haɗa rabi da rabi a gora. Zaƙin ya sauka, ƙamshin yana nan. Kowanne ka zaɓa, fara da ƙaramin ƙunshi. Babbar robar nan mai fam 5, wato kilo 2.27, sha sama da 70 ce, fiye da wata biyu kana kan ɗanɗano ɗaya kullum.

Na zuba a koko mai zafi ya yi gudaji. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, dahuwa ya yi. Furotin ɗin ruwan cuku yakan fara cure da zarar zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Kokon da aka sheƙa wa tafasasshen ruwa yanzu ya wuce nan. Kana zuba garin za ka ga ya taso sama, bayansa ya jiƙe ya rufe, cikinsa busasshe. Kana juyawa yana rarrabuwa zuwa ƙananan farare masu danƙo, ka danna da cokali su zille. Jiki zai narkar da su ya amfana yadda ya kamata, haɗiyewar ce aiki.

Ga yadda ake yi. Zuba cokalin awo guda a kofi daban. Sa ruwa marar zafi cokalin cin abinci huɗu zuwa biyar, ka dama har ya yi sumul kamar ƙullun fanke. Bar kokon ya sha iska har ya kai yadda za ka iya kurɓa ba tare da hurawa ba. Ɗebo cokali biyu na kokon ka zuba a ƙullun ka juya, sannan ka juye duka cikin kwanon kana motsawa. Kada ka mayar da shi kan wuta. Haka ake yi da shayi, da kunun gyaɗa, da kunun alkama.

A gora kuwa ruwa ake fara zubawa, mililita 250 zuwa 300, sannan gari. Idan gari ya riga ruwa, yakan manne a kusurwar gindin gora, girgiza ba ta ɓamɓaro shi. Kuma kada a taɓa girgiza abu mai zafi a rufaffiyar gora, tururi zai cilla murfin.

Fura, kunun aya da zoɓo fa?

Fura da nono ita ce mafi sauƙi, tunda ga sanyi ga kauri, tsamin nonon kuma yana rufe ƙarnin. A dama garin da ɗan ruwa tukuna, a zuba bayan an gama dama furar. Kunun aya da dabino shi ma yana karɓar sa. Zoɓo da kunun tsamiya sai a kula: casein yakan tsinke ya yi gudaji cikin abu mai tsami, kamar yadda madara ke yi idan lemon tsami ya shiga. Concentrate kuma yakan mayar da zoɓo gurɓatacce marar kyan gani. Akwai isolate na musamman da aka yi domin abin sha mai tsami, ana rubuta masa clear, amma kusan kullum da filebonsa yake zuwa.

A fanke ko kek, kada garin furotin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na fulawa. Ya wuce haka, abin zai bushe ya yi tauri kamar soso. Nan ma marar filebo ya fi dacewa, ga dalili a amsa ta gaba.

Zaƙin da ke cikin mai filebo sukari ne? Yana da illa?

Galibi ba sukari ba ne. Wanda aka fi amfani da shi shi ne sucralose, mai lamba E955, wanda ya ninka sukari zaƙi kusan sau 600. Sau da yawa akan haɗa shi da acesulfame K, E950, mai ninki kusan 200. Wasu kamfanoni suna sa stevia, daga ganye, wadda ke barin ɗan ɗaci a bayan harshe. Aspartame, E951, ya ragu a irin wannan kaya, amma yana nan.

Hukumomin abinci na Amurka da Tarayyar Turai sun amince da su duka, da iyakar abin da za a sha a rana, kuma cokali ɗaya ko biyu bai kusa da iyakar ba. Abu uku ne suka cancanci a sani. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan masu zaƙi domin rage ƙiba, saboda ba a ga amfaninsu a nan ba idan tafiya ta yi nisa. A Yulin shekarar, cibiyarta ta binciken cutar daji ta sa aspartame a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, bisa hujja marar ƙarfi, kwamitin ƙwararrun abinci kuma ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Na uku, hukumar tantance haɗari ta Jamus ta ja hankali a 2019 cewa sucralose na iya rushewa idan zafi ya haura digiri 120, wato zafin suya da gashi. Mai son yin kek da garin furotin ya nemi marar filebo.

A ganinmu, matsalar da mutum zai fi cin karo da ita ba cuta ba ce, ginsa ce. Zaƙin da ya burge ka ranar farko, a sati na uku kana jin ƙamshinsa zuciyarka ke tashi.

Cikina yana kumbura idan na sha. Filebon ne ko madarar?

Kowanne na iya zama. Concentrate yana ɗauke da sauran sukarin madara, wato laktos, kuma manya da yawa a Afirka ta Yamma ba sa narkar da shi sosai, ko da yake a cikin Fulani masu iyawa sun fi yawa. Shan nono lafiya ba hujja ba ce, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na laktos ɗin. A gefen filebo kuma akwai masu zaƙi da sunansu ke ƙarewa da "ol", irin su sorbitol da maltitol da xylitol, waɗanda ke jawo iska da gudawa, sai abubuwan kauri da inulin.

Gwajin ba wuya. Sha kofin madarar gari a wata rana daban. Idan cikin ya yi ƙugi, laktos ne, ka koma isolate ko na tsirrai. Idan lafiya lau, ka zargi kayan haɗin, ka gwada marar filebo na sati guda. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a gane mai laifin ba. Wani lokacin ma gaggawa ce: an girgiza ya cika da kumfa, an kwankwaɗe a tsaye. Bar shi minti biyu kumfar ta kwanta.

Ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi wani abu ne daban. Jiki ne ke ƙin furotin ɗin madara, isolate ba zai yi magani ba. A daina, a ga likita.

Marar filebo ya fi tabbas wajen halal?

Ya rage tambayoyi, bai ƙarar da su ba. A mai filebo ana duba abu biyu: jan launin carmine, E120, da ake samowa daga wani ƙwaro kuma yakan fito a kayan sitiroberi, sai barasar da akan narkar da wasu ƙamshi a ciki, musamman banila. Malamai sun yi saɓani a kan duka biyun. Amma tambayar da ta fi girma tana cikin ruwan cukun kansa: da me aka daskarar da madarar? Wasu masana'antu suna amfani da sinadarin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, wasu da wanda ake samu daga ƙananan halittu. Wannan ya shafi mai filebo da marar filebo baki ɗaya. Tambarin wata hukumar halal da aka sani a jikin roba shi ke raba gardama. Garin collagen kuma, wato furotin ɗin da ake cirowa daga fata da ƙashin dabba, sai an ga daga ina yake, na shanu ne, na kifi ne ko na alade. Shi ba cikakken furotin ba ne ma, domin babu tryptophan, ɗaya daga cikin tubalan furotin da jiki ke buƙata, a cikinsa.

Da gaske ne na cakulan yana da dalma?

Itacen koko, wanda ake yin cakulan da 'ya'yansa, yana zuƙar ƙarfen kadmiyam mai guba daga ƙasa, dalma kuma takan hau 'ya'yan wajen shanya. Gwaje-gwajen da ƙungiyar Clean Label Project ta Amurka ta fitar a 2018 da 2025 sun nuna cewa garin cakulan ya fi na banila ɗauke da waɗannan ƙarafa, na tsirrai kuma ya fi na madara. Adadin ƙanƙane ne, ba abin da zai kwantar da mutum yau ko gobe ba, damuwar ita ce taruwa ga mai sha kullum shekara da shekaru. Mai shan cokali biyu kowace rana, musamman na tsirrai, zai fi kyau ya karkata ga banila ko marar filebo, ya kuma nemi tambarin masu gwaji na waje kamar Informed Sport ko NSF Certified for Sport. Mai juna biyu ta fara tuntuɓar likitanta.

A wanne aka fi yin algus?

Filebo mai ƙarfi mayafi ne. Idan aka cakuɗa fulawa, madarar gari ko maltodextrin, wani gari da ake yi daga sitaci, a cikin garin cakulan mai zaƙi, harshe ba zai kama ba. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan wayo. Gwajin da aka saba yi ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, naitirojin yake aunawa a ninka. Sai a zuba abubuwa masu arha masu naitirojin, irin su glycine da taurine, lamba ta hau. Wannan kafar aka bi a China a 2008, aka zuba melamin a madarar jarirai, kusan yara 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Idan ka ga glycine ko taurine a farkon jerin kayan haɗi, ajiye robar. Jerin yana tafiya ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci.

A Nijeriya a duba lambar rajistar NAFDAC, da lambar rukunin kaya, da ranar ƙarewa, da takardar da ke liƙe a bakin roba ƙarƙashin murfi. Garin da ake aunawa a ƙulla a leda babu suna, ana cewa na ƙiba ne, a guje shi ko da wane ƙamshi yake yi. Ba ka da hanyar sanin ko an daka masa ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe.

Zan iya haɗa nawa filebon a gida?

Ƙwarai, kuma nan marar filebo ya yi zarra. Ga cokalin awo guda da ruwa ko madara mililita 300, zaɓi ɗaya: ayaba ɗaya nunanna da cokalin tunkuza ko man gyaɗa na shafawa, dabino uku da aka jiƙa aka cire ƙwallo, da ɗan garin kirfa, ko garin cakulan marar sukari cokalin shayi biyu da zuma cokali ɗaya. Ɗan gishiri a bakin yatsa yana kashe gafin na tsirrai fiye da ƙarin zaƙi. Ayaba da dabino sai da bilenda. A tuna cewa suna da nasu nauyin: ayaba ɗaya wajen kalori 100 ce, cokalin zuma wajen 60. Mai neman ƙiba ya samu, mai neman rama ya lissafa.

Mai ciwon suga, hawan jini ko ciwon ƙoda fa?

Mai ciwon suga ya duba layin carbohydrate, wato jimillar sitaci da sukari, kada ya tsaya a layin sukari kaɗai, domin maltodextrin yana ɗaga sukarin jini da sauri alhali ba kullum ake lissafa shi a sukari ba. Robobin da aka rubuta wa mass gainer galibinsu shi ne. Mai hawan jini ya duba sodium, wato sinadarin gishiri, musamman a na koren wake. Mai ciwon ƙoda kuwa maganarsa ba ta filebo ba ce, yawan furotin ɗin ne, likitansa ne zai yanke masa.

Nawa zan sha, kuma dole ne?

Ba dole ba ne. Baligi marar aikin ƙarfi yana buƙatar wajen giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa, mai ɗaga ƙarfe kuma 1.4 zuwa 2.0. Mai kilo 70 ke nan tsakanin giram 56 da 140, gwargwadon aikinsa. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, busasshen wake giram 100 yana da wajen 23, waken suya wajen 36, ga awara da ƙuli-ƙuli da kifi da kilishi. Gari giɓi yake cikewa, cokali ɗaya ko biyu a rana. Da azumi, cokali guda a furar buɗa-baki ko a kunun sahur ya wadatar da yawancin mutane. Ka auna cokalin robarka a sikeli ko sau ɗaya ne, domin cike da tozo da shafe baki suna iya bambanta da giram da yawa.

Yaya ake ajiye shi a ƙasa mai zafi?

Laima ce abokiyar gaba, sai zafi. A rufe murfi sosai, a ajiye a kabad nesa da murhu da taga, kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Firji bai dace ba, domin duk fitowa raɓa ke sauka a ciki. Da damina, a ɗebi na sati guda a ƙaramar kwalba, babbar ta zauna a rufe. Ƙullutun da ke murmushewa a yatsa ba komai ba ne. Wanda ya yi tauri, ko launin ya koma ruwan ƙasa, ko yana warin tsohon mai, a zubar. A marar filebo hanci yakan kama wannan da wuri, a mai cakulan kuwa sai an shinshina da kyau. Wanda aka riga aka dama a sha shi cikin awa biyu idan ba sanyi, a kuma wanke gorar nan take, har da ramin murfin da zoben robar da ke cikinsa.